Kafin Ka Goya Tukunyar Iska: Nasiha Ga Mai Sha'awar Nutso

 Ɗana, saƙonka ya iso mu a Dandin Mahe, kuma na gane abin da kake nema. Tunda karatu ya kai ka Masar, kana so ka koyi nutso irin na zamani, wanda ake goya tukunyar iska a baya a shiga ƙarƙashin Bahar Maliya don kallon halittun Ubangiji, kuma ka ce in gaya maka littattafan da ya kamata ka nema. Ban ga aibin wannan sha'awa ba. Tambayar ma daɗi ta yi mini, domin yaron da ya fara cigiyar littafi kafin cigiyar tukunya ya ɗauko hanya. Zan lissafa maka su. Amma jerin sunaye kaɗai ba zai amfane ka ba, sai na faɗa maka wanda ake farawa da shi, da wanda ake jinkirtawa, da dalilin haka.

Ka fara da sanin cewa mu ba baƙin ruwa ba ne. Tun kaka da kakanni Sarkawa suke cin abinci a gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba a homa da gora kaɗai ya tsaya ba. A wasannin kabanci akwai tseren kwalekwale, da kamun kifi da hannu, da gasar nutso, inda mutum zai nutse a kogin Matan Fada har 'yan kallo su fara salati kafin ya ɗago. Wannan ilimi ne na gaske, kuma duk inda ka je ka girmama masu shi. Sai dai ilimi ne na numfashi ɗaya: ka cika ƙirji a sama, ka riƙe, ka nutse, ka dawo. Abin da nake so ya zauna maka a zuciya shi ne, wannan riƙe numfashi da ya mai da Basarke gwani, shi ne yake kashe wanda ya goya tukunya.

Ga yadda abin yake. Iskar da ke kanmu tana danna mu da wani nauyi da muka saba da shi. Duk mita 10 da ka yi ƙasa cikin teku, ruwa yana ƙara maka kwatankwacin wannan nauyi sau ɗaya. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya zama uku, a mita 30 ya zama huɗu. Ita kuwa iska, in aka matse ta takurewa take yi, in aka sassauta mata ta buɗe. Tun 1662 wani Bature mai suna Robert Boyle ya bayyana wannan ƙa'ida. Mai nutso da numfashi ɗaya a sama ya ɗebi iskarsa. Tana takurewa in ya yi ƙasa, ta koma girmanta na farko in ya taso, ba ta wuce abin da huhunsa ya ɗauka tun fari. Mai tukunya kuwa a can ƙasa yake cika huhunsa da iskar da take a matse. In tsoro ya kama shi a mita 10 ya riƙe numfashi ya yo sama, iskar za ta nemi ninka girmanta biyu a cikin ƙirjinsa. Huhu ya yage, kumfar iska ta shiga jini, ta iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Wannan na iya faruwa ko a ruwan da bai kai mita 2 ba. Shi ya sa dokar farko a kowane littafin nutso ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi muddin kana shaƙa daga tukunya. Ido ba ya nuna wa mutum wannan, jarumta ma ba ta nuna masa. Sai an karantar da shi.

Tsarin karatun kuwa mun san shi a gida. A zaure ba a miƙa wa yaro Muhtasar ranar farko. Sai ya bi Ahalari, ya bi Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, kuma kowanne a gaban malami yake karanta shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Bodinga lokacin da Shehu yake Sifawa, littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukh, don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a hannun kowanne. Bai raba littafi da malami ba. Haka za ka ɗauki karatun nutso.

Littafinka na farko shi ne na makarantar da za ta koya maka. A garuruwan bakin Bahar Maliya, irin su Hurgada da Sharmul Shaikh da Dahab, za ka fi haɗuwa da makarantun da ke ƙarƙashin PADI, ƙungiyar da John Cronin da Ralph Erickson suka kafa a Amurka a 1966. Littafinsu na 'yan koyo sunansa Open Water Diver Manual, kuma an fassara shi zuwa harsuna da dama, har da Larabci da Faransanci. Akwai kuma BSAC ta Ingila, wadda aka kafa a 1953, da CMAS da aka kafa a Monako a 1959, kowacce da nata littafin. Duk wanda malaminka yake karantarwa da shi, shi ne naka. Kada ka haɗa biyu a farkon tafiya. A ciki za ka koyi yadda ake toshe hanci a hura a hankali don kada matsi ya fasa tantanin kunne, da yadda ake fitar da ruwa daga gilashin fuska ba tare da an taso ba, da yadda ake raba iska da aboki in tasa ta ƙare. Za ka koyi magana da hannu, domin babu baki a ƙarƙashin ruwa: ɗaga babban yatsa a can yana nufin mu hau sama, ba ya nufin lafiya lau. Za ka koyi iyaka: ɗan koyo ba ya wuce mita 18, mai nutson nishaɗi komai ƙwarewarsa ba ya wuce mita 40. Za ka koyi cewa a mita 30 tukunya tana ƙarewa da sauri ninki huɗu bisa yadda take ƙarewa a sama, da cewa ana tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5 kafin a fito. Ka karanta shi tun daga bango har bango kafin ranar shiga ruwa, don ba a fafe gora ranar tafiya. In ka karɓi shaidar kammalawa kada ka jefa shi ƙasan akwati, domin duk lokacin da ka daɗe ba ka shiga ruwa ba, gare shi za ka koma.

Na biyu shi ne littafin lafiyar jiki. Ka nemi Diving Medicine for Scuba Divers, wanda likita Carl Edmonds na Ostareliya ya rubuta da abokan aikinsa. Don masu nutso aka rubuta shi, da harshe mai sauƙi, kuma marubutan sun sake shi kyauta a intanet. Babban yayansa, Diving and Subaquatic Medicine, wanda ya fara fitowa a 1976, na likitoci ne, ka bar shi tukuna. Na masu nutson zai sa ka ga likita kafin ka ga malamin nutso. Mai asma, da mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai sikila, wadda ka san yawanta a cikin mutanenmu, duk sai likitan da ya san harkar nutso ya duba su, kuma in ya ce a'a, to a'a ce. Mace mai ciki ba ta nutso. Mai mura ya jira ta wuce, don toshewar hanci na hana kunne daidaita matsi. Duk abin da ke juya hankali, ƙwaya ce ko waninta, ba ya haɗuwa da ruwa. Ƙishirwa ma tana cikin abubuwan da ake gargaɗi a kansu, saboda haka ka tsara nutsonka ya kauce wa ranakun azumi. A nan ne kuma za ka karanta labarin mayen zurfi: daga wajen mita 30 iskar naitirojin kan juya tunanin mutum, ya ji daɗi, ya manta da duba abin da ya rage a tukunyarsa. Akwai wani babi da zai amfani har yaranmu na fadama: jan numfashi da sauri-sauri kafin a nutse, don a daɗe a ƙasa, yana kashe alamar da jiki ke ba mutum cewa iska ta ƙare, sai ya suma a cikin ruwa ba tare da ya ji komai ba.

Na uku shi ne wanda zai fahimtar da kai ciwon saurin fitowa. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin. A ƙarƙashin matsi, naitirojin tana narkewa cikin jini da tsoka, kuma gwargwadon zurfi da daɗewa gwargwadon yawanta. In mutum ya taso a hankali, sai ta fita ta numfashi. In ya yi gaggawa, sai ta zama kumfa a gaɓoɓi da laka, ta jawo ciwo mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. A 1908 John Scott Haldane, bayan gwaje-gwaje da awaki a ɗakin matsin iska, ya fitar wa sojan ruwan Ingila jadawalin da ke nuna inda za a tsaya da tsawon tsayuwar. Jadawalan yau jikokin wannan ne. A na PADI, mai nutso a mita 18 yana da minti 56, amma a mita 30 minti 20 kacal. Saboda wannan dalili ne ma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa. Ka tuna da haka in za ka taho gida hutu.

Mun ga misalinsa a ƙasarmu. A watan Mayun 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a tekun Najeriya, ya nutse zurfin mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya rayu wajen awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Da masu nutso suka same shi da rai, ba su fito da shi sarari kai tsaye ba, don jikinsa ya riga ya ƙoshi da naitirojin, kuma da an yi gaggawa da ta kashe shi. Sai da ya ƙara kwanaki a ɗakin matsi ana sassauta masa kaɗan-kaɗan. Tausayi da ba ilimi da ya hallaka mutumin da Allah ya riga ya kuɓutar. Littafin da ya warware wannan fanni ga wanda ba likita ba shi ne Deco for Divers na Mark Powell, wanda ya fito a 2008. Ka karanta shi bayan ka saba da ruwa. Za a ce maka yanzu akwai ƙaramar kwamfuta da ake ɗaurawa a hannu mai yin duk lissafin. Gaskiya ne, ka saye ta in ka samu hali. Amma ka san dalilin abin da take gaya maka, don ranar da batirinta ya mutu, abin da ke kanka ne zai rage.

Bayan waɗannan sai littattafan dubawa, waɗanda ake buɗewa in tambaya ta taso. The Encyclopedia of Recreational Diving na PADI ya tara bayanin kayan aiki da jiki da teku wuri ɗaya. NOAA Diving Manual, na hukumar teku da yanayi ta Amurka, ya fara fitowa a 1975 don masu bincike. Sai babbansu, U.S. Navy Diving Manual, wanda gyaransa na bakwai ya fito a 2016, kuma ana samunsa kyauta. Saboda kyauta ne, matasa kan yi ɗokin farawa da shi. Kada ka yi haka. An rubuta shi don sojoji masu horo, masu likita da ɗakin matsi a kusa da su. Abin da ya halatta gare su bai halatta ga ɗalibin da ya je kallon kifi ba.

Akwai wani rukuni da nake so ka ba shi muhimmanci ko da ba shi da daɗin karatu, wato littattafan haɗurra. Diver Down na Michael Ange labarai ne na mutanen da nutso ya ɓaci musu, da bayanin inda kuskuren ya faro. Ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a 1980, da BSAC, suna fitar da rahotannin haɗurran da suka faru. In ka bi su za ka ga abu ɗaya yana maimaituwa: ba kasafai babban bala'i ke faɗowa farat ɗaya ba. Ƙaramin sakaci ne ke jawo wani. Ba a duba tukunya ba, an rabu da aboki, an ji kunyar cewa na gaji, sai firgita ta ƙarasa sauran. Kusa da Dahab akwai wani rami a teku da ake kira Blue Hole, mai wata ƙofa a zurfin wajen mita 55 wadda ta ci rayukan masu nutso da yawa, ciki har da waɗanda suka san iyakarsu mita 40 ce. In abokai suka ce a je a gwada, ka tuna addininmu ya hana mutum jefa kansa cikin halaka. Wanda ya ce yau ba zan shiga ba bai yi abin kunya ba.

Sai littattafan da za su sa ka san abin da kake kallo, domin wannan ne ya kai ka. Na Bahar Maliya ka nemi Coral Reef Guide: Red Sea na Ewald Lieske da Robert Myers. Da shi za ka san sunan kifi, ka kuma san wanda ba a taɓawa, don akwai masu dafi da suke kama da dutse. Ka karanta The Silent World na Jacques Cousteau da Frédéric Dumas, wanda ya fito a 1953. Cousteau da injiniya Émile Gagnan ne suka ƙera na'urar shaƙar da ta buɗe wannan fage a 1943, kuma a 1963 mutanensa suka yi wata guda suna zaune a wani gida ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, gaɓar Sudan. Ka karanta shi don tarihi da ƙarin sha'awa, amma kada ka kwaikwayi yadda suka yi nutso, domin a zamaninsu ana kan gano dokokin ne, kuma wasu da ransu suka biya. Kifayen gida ma suna da littattafansu: Fish and Fisheries of Northern Nigeria na 1967, wanda William Reed da abokan aikinsa suka haɗa, da Field Guide to Nigerian Freshwater Fishes na Olaosebikan da Raji, daga kwalejin kifi ta New Bussa. Bai kamata ka san kifin Masar ka kasa bambance ragon ruwa da ramboshi ba, ko ka manta ƙayar ƙurungu da girgizar minjirya.

Littafi na ƙarshe kai za ka rubuta shi. Ka sami kundi, duk nutson da ka yi ka rubuta wuri, da zurfi, da minti, da iskar da ka shiga da ita da wadda ka fito da ita, da abin da ya ba ka wuya. Ka rubuta gaskiya ko ba ta yi maka daɗi ba. Makarantu za su nemi ganinsa kafin su ƙara maka mataki, likita ma zai nema in wani abu ya faru.

Yanzu maganar gida. Yawancin littattafan nan da ruwa garau a zuciya aka rubuta su. Namu ruwan ja ne, da damina ko tafin hannunka ba ka gani a ciki. Akwai tsohon taru da mamari da suka maƙale a ƙasa, masu kama ƙafa da tukunya. Madatsun ruwa irin na Shagari da Goronyo da Bakolori suna da bakin da ruwa ke fita, kuma jan da yake yi a wurin ya fi ƙarfin kowane ɗan Adam. Akwai tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan dodon-koɗi ta huda fata. Jadawalin teku kuma ba ya aiki yadda yake a tudun da ya haura mita 300, saboda haka tafkunan haƙar kuza na Jos da nasu lissafin daban. Ɗakin matsi abu ne na bakin teku, inda ake aikin mai da na sojan ruwa, ba na gefen fadamarmu ba. Kuma ina roƙonka, kada ka yarda a cika maka tukunya da injin mai faci, ko wani ya shiga ruwa ko rijiya da tiyo a baki daga irin wannan inji. Hayaƙin inji da tururin mai suna bin iskar, kuma gubar hayaƙin ba ta da wari, ga shi matsi yana ƙara mata ƙarfi.

Na san abin da ke ranka, don yana ran kowa a ƙasar Shagari. A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife a Gidan Magana, mutum kusan 30 suka rasu, yawancinsu yara. A watan Mayun 2023 aka sake yin wani a Dandeji, yara 15 suka tafi, galibinsu 'yan mata masu zuwa itace. Allah ya jiƙansu. Za ka so ka dawo ka zama mai ceto, kuma niyya ce mai kyau. Amma shaidar nutson nishaɗi ba ta mai da mutum mai aikin ceto a ruwan duhu. Wannan horo ne na daban, mai kayan aiki da jama'a da igiya. Ka kuma gane cewa wanda ya nutse mintoci kaɗan gare shi, kafin a ɗauko tukunya aikin ya zama na neman gawa. Abin da ke ceton rai yana faruwa tun kafin jirgi ya bar gaɓa: kada a yi lodi fiye da ƙima, a sa rigar kariya, a koya wa yara iyo, a san yadda ake miƙa gora ko jefa igiya daga tudu maimakon faɗawa ruwa, a san yadda ake hura numfashi da danna ƙirjin wanda aka tsamo. Don haka ka ƙara littafi ɗaya a jakarka: Preventing Drowning, jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021. Ka kuma ɗauki darasin agajin gaggawa da na ceto a makarantarka.

Duk littattafan da na lissafa, babu wanda aka rubuta da Hausa. Wannan aiki yana jiran irinku. In Allah ya dawo da kai lafiya, ka zauna da Sarkin Ruwa da dattawan masunta, ka saurare su tukuna, don sun san inda gulbi ke juyi da lokacin da yake cika, abin da babu shi a littafin Bature. Sannan ka haɗa nasu da naka, ka rubuta 'yan shafuka da boko da ajami waɗanda malamin makarantar allo da na firamare za su iya karanta wa yara, da matuƙan kwalekwale za su iya ji a tasha.

Saboda haka ka fara ganin likita, ka nemi malami mai shaida wanda ba ya gaggawa, ka sayi littafin farko, sauran su biyo a kan lokacinsu. Ka sanar da mahaifiyarka kafin ka fara, ka nemi albarkarta, kuma kada nutso ya ci lokacin karatun da ya kai ka can. Allah ya tsare ka a tudu da ruwa, ya ba ka ilimi mai amfani, ya sa jama'armu su ci moriyarsa. Mutanen gida duk suna gaishe ka.